Sharhi: Ranar da Fischer ya ajiye e4

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan wasan ces ne, darar nan da ɗalibai ke duƙufa a kanta a Samaru da Kongo. In ka tsaya a bayansu za ka ga kusan kowa da sojan gaban sarki yake buɗe wasa, wato ya tura shi gidan da ake kira e4, sai ka ce wasiyya aka bar musu.

Bobby Fischer na Amurka ma haka yake, da wuya ya fara da wani taku. Sai ranar 23 ga Yuli, 1972, a Reykjavik, wasa na shida na neman kambun duniya tsakaninsa da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, kowa da maki biyu da rabi. Fischer, mai riƙe da fararen dakaru, ya miƙa hannu ya tura wani soja dabam zuwa c4. Kafin a ankara wasa ya rikiɗe zuwa salon buɗe wasa da ake kira Queen's Gambit, Spassky kuwa ya fake da tsarin kariya mai suna Tartakower da ya daɗe yana dogaro da ita.

Ana yawan cewa bazata ce ta ka da Spassky. Ban yarda ba. A taku na 14 Fischer ya kai bishop, dakaren nan mai tafiya a karkace, gidan b5, dabarar da Furman ya doke Geller da ita a 1970, dukansu gwanayen ces na Sobiyet, ga shi kuwa Geller na cikin masu shirya Spassky. Maganinta shi ne a mayar da sarauniya b7, kuma da shi Geller ya cinye Timman, gwanin ces na ƙasar Holan, a 1973. Spassky sai ya tura soja a6.

Duk da haka bai faɗi a nan ba. A taku na 19 dokin Fischer ya ci bishop a e6, a na 20 kuma sai ga e4 ɗin da ya ƙi bugawa tun farko, daidai lokacin da zai tsaga tsakiyar baƙaƙen dakarun Spassky. Spassky ya tura soja d4, ya sakar wa bishop ɗin Fischer gidan c4. Daga nan numfashi ya fara yi masa wuya: f4, e5, f5, dakarunsa na ta kai da komo a baya. A taku na 38 Fischer ya ba da hasumiya a kan doki, a na 41 Spassky ya sallama, har ya taya 'yan kallo tafi.

Fischer bai sake barin gaba ba, ya ɗauki kambun da maki 12 da rabi, Spassky na da 8 da rabi.