Amsoshin Tambayoyinku: Sunan da ke kan allo da kamfanin da zai biya diyya

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda ya ce wani matashi ya same shi a rumfarsa ya yi masa tayin inshorar gobara, ya kuma nuna masa takardar rajistar sunan kasuwanci daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Tambayarsa ita ce, shin wannan takarda ta isa hujjar da zai miƙa kuɗinsa a kanta?

Alhaji, takardar ba ta isa ba. Aikin CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 shi ne ta rubuta cewa wane yana kasuwanci da suna kaza, ta kuma hana wani ya zo ya yi rajistar irin sunan ko mai kama da shi da zai rikita jama'a. Mai ɗinki da mai gidan burodi duk irin wannan takarda suke karɓa. Izinin sayar da inshora kuwa yana hannun Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa da dokar 1997. Dokar inshora ta 2003 ta sharɗanta cewa wakili sai ya sami shaidar ƙwarewa daga cibiyar ƙwararrun inshora ta Nijeriya, sai wani kamfanin inshora ya naɗa shi, sannan hukumar ta ba shi lasisi, kuma sabuwar dokar da ta maye gurbinta, wadda Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Agustan 2025, ta bar sa ido kan wakilai a hannun wannan hukuma. Saboda haka abin da za ku nema a wurin matashin nan shi ne lasisinsa da takardar naɗin da kamfani ya yi masa, sannan ku tuntuɓi kamfanin da kanku ku ji ko sun san da shi.

Dalilin da ya sa ake tsaurara wa sunaye a wannan sana'a ba ɓoyayye ba ne. Mai sayen atamfa yana taɓa kayansa kafin ya biya, amma mai sayen inshora alkawari kawai yake saye, kuma ba zai san nauyin alkawarin ba sai ranar da wuta ta tashi, Allah ya kiyaye. Idan wakili ya kafa allo mai ɗauke da suna mai kwarjini, mutane sukan ɗauka shi ne kamfanin, alhali ɗan aike ne, ba shi da jarin da zai biya diyyar rumfa ko da guda ɗaya. Shi ya sa dokar kamfanoni ta hana a sanya kalmomin da ke nuna alaƙa da gwamnatin tarayya ko ta jiha a cikin sunan kasuwanci sai da amincewar CAC. A ganina, duk wakilin da sunansa ya fi na kamfanin da yake wakilta fitowa a kan rasiɗi, akwai abin dubawa a lamarinsa.

Wata baiwar Allah daga Gwammaja ta tambayi bambancin wakili da dillalin inshora. Hajiya, wakili ɗan kamfani ne, hajar wanda ya naɗa shi yake tallatawa. Dillali kuwa naku ne, shi zai zagaya kamfanoni ya nemo muku wanda ya fi dacewa, kuma shi ma sai NAICOM ta yi masa rajista.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani direban tasi ne a Kurna, wanda ya ce an yankar masa takardar inshorar mota a kan naira 5,000 a wani ɗan shago da ke da suna irin na babban kamfani. Malam, tun daga 1 ga Janairun 2023 kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, ya koma naira 15,000, kuma na motocin haya bai gaza haka ba, don haka farashin kansa ya isa ya sa ku shakka. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai a intanet mai suna NIID, inda ake shigar da lambar mota a ga ko inshorarta ta gaskiya ce da kuma sunan kamfanin da ya bayar da ita. Ku sa wani ya duba muku a waya yau ɗin nan. Idan lambarku ba ta fito ba, ku adana takardar da rasiɗin, ku kai ƙorafi a rubuce ga NAICOM tare da sunan shagon da adireshinsa.