Wa ke cewa "kai" a cikin Al-Lissu wal Kilab?

To jama'a, tun satin da ya wuce ɗaliban Larabci ke ta turo min tambaya ɗaya kan wannan littafi, wato Ɓarawo da Karnuka, na marubucin Masar Najib Mahfuz: malam, me ya sa marubucin ya tsani Nabawiyya haka, ko ina sai kiranta maciya amana yake? Wasu ma har sun rubuta hakan a jarrabawa. Ku zauna mu warware, don nan ne kusan kowa ke zamewa.

Labarin da sauri. 1961 ya fito, babi 18 ne kacal, shekara ɗaya bayan jaridun Masar sun cika da labarin wani mai suna Mahmud Amin Sulaiman da 'yan sanda suka yi ta farauta har aka kashe shi a wani kogo kusa da Hilwan. Sa'id Mahran ɓarawo ne, ya fito daga kurkuku bayan shekara 4, matarsa Nabawiyya ta auri yaron aikinsa Ilish, 'yarsa Sana ta gan shi ta ja da baya don ba ta san shi ba, Ra'uf Alwan kuma, wanda da yake ɗalibi ya koya masa cewa ɗaukar kayan masu kuɗi halal ne, yanzu ya zama babban ɗan jarida mai katafaren gida a bakin Nilu. Sai Sa'id ya samo bindiga.

(Shafin farko na littafin a allo)

Yanzu ku kalli nan. Ana cikin ba ka labari da "shi", ya fito, ya tsaya, zafi da ƙura, babu wanda ya zo tarbarsa, kwatsam ba wani gargaɗi sai ka ji an koma "anta", wato kai, kai aka ci amanarka, can kuma sai "ana", ni, ni ne zan faɗa musu kamar ƙaddara. Babu alamar zance, babu "ya ce a ransa". A fassarar Turanci sun karkatar da harufan wuraren don a gane, amma a Larabcin kunnenka kawai za ka dogara da shi.

Wannan "kai" ɗin Sa'id ne yake magana da kansa. Mahfuz ya janye gefe, ya zura mu cikin ƙwaƙwalwar mutumin, abin da masu nazari ke kira tayyarul wa'ayi, kwararar tunani yadda yake zuwa, na jiya da na yau a cakuɗe. Kuma ai mu ma haka muke yi, mutum ya yi ɓarin kuɗin cefane a kasuwa yana tafe yana cewa a ransa kai wane, yanzu me za ka je ka faɗa a gida? Wanda ya yi balaga a zaure kuwa ya san iltifat, juya lamiri a tsakiyar magana, don haka abin ba baƙo ba ne a Larabci. Aikin da Mahfuz ya sa shi ne sabo.

Saboda haka duk zagin da kuka karanta, karnuka, maciya amana, daga bakin mutum ɗaya ya fito, mutumin da ya shekara 4 a ɗaki yana dafa fushinsa. Ku koma ku duba da kyau, sau nawa Nabawiyya ta tsaya a gabanmu ta yi magana da bakinta bayan fitowarsa? Ko sau ɗaya. Ta cikin tunaninsa kawai muke ganinta, yarinya 'yar aiki da kwano a hannu tana wucewa ta gaban gidan kwanan ɗalibai a Giza inda babansa ke gadi. Ni fa ban ce ba ta yi laifi ba, wataƙila ta yi, amma shaida ɗaya muka saurara kuma shi ne mai ƙara.

Ga inda Mahfuz ya nuna mana haka ƙarara, kuma wallahi duk sanda na zo wurin nan sai na ajiye littafin na ɗan numfasa.

(A rage kiɗa. Matattakalar bene cikin duhu)

Dare ne, Sa'id ya hau benen Ilish, ya harba, ya ji mutum ya faɗi, ya ji mace ta ƙwalla ihu, a ransa ya tabbatar muryar Nabawiyya ce, mu ma da muke cikin kansa mun yarda ɗari bisa ɗari. Ya tafi gidan Shehu Ali Junaidi, wani malamin sufaye, ya kwanta. Sai da jarida ta fito. Ashe Ilish da Nabawiyya sun riga sun tashi daga gidan, wani bawan Allah Sha'aban Husaini ne sabon ɗan haya, shi aka kashe, bai san hawa ba bai san sauka ba. Kunnen Sa'id ya ji abin da zuciyarsa ke son ji, mu kuma muka bi shi. Ya sake zuwa gidan Ra'uf, wannan karon harsashin mai gadi ya samu.

Sai masu cewa ai Sa'id bai canza ba, da fushi ya fara da fushi ya ƙare. In ayyukansa kake ƙirgawa haka ne. Amma ka bi sunayen da ke yawo a kansa. Nur, matar da ta ɓoye shi a ɗakinta mai kallon maƙabarta, take kawo masa abinci da jaridu har da yadin da ya ɗinka kakin hafsa da shi, da farko tana masa magana hankalinsa na wurin Nabawiyya da Sana, mafaka kawai ya ɗauke ta. Ranar da ta fita ba ta dawo ba, ku ga yadda sunanta ya cika shafin, yana zaune cikin duhu da yunwa yana kasa kunne ko zai ji motsin makulli. Babu wanda ya tsaya ya sanar da mu cewa ya fara sonta, mu muka ji da kanmu, kusan lokaci guda da shi. Ni a wurina nan ne littafin ya fi ciwo, ya fi ma harbe-harben.

Akwai fim ɗinsa na 1962, Shukri Sarhan da Shadiya, ku kalla, sai dai kyamara daga waje take tsayawa.

(Kaburbura da dare, fitilu na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya)

Shafin ƙarshe, an kewaye maƙabartar, haske ta ko'ina, haushin karnukan 'yan sanda na matsowa, karnuka na gaske wannan karon. Ku sa ido kan lamirin a layukan ƙarshe. Muryar da ta yi ta cewa kai, kai, tun daga ƙofar kurkuku ta yi shiru, an koma "shi". Ya nutse, ya nemi abin kamawa bai samu ba, ya sallama.