Fodkas: Me ya sa aka jera sinadarai haka a jadawali?

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Bashir da Malam Auwal muna kan jadawalin sinadarai ne, wancan dai da ake liƙawa a bangon ajin kemistiri.

Bashir: Wallahi abin da ya daɗe yana damuna kenan, an sa mu haddace ashirin na farko, haidirojin, hiliyam, litiyam, haka dai, amma ba wanda ya zauna ya ce mana ga dalilin da ya sa wannan yake ƙarƙashin wancan.

Malam Auwal: To ai nan ne daɗin yake. Yanzu sinadarai 118 ne, layi 7 a kwance, rukuni 18 a tsaye. Abin da ake bi wajen jerawa guda ɗaya ne tak, yawan furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar atam. Haidirojin ɗaya gare shi sai ya zo farko, oksijin takwas, zinare 79. Shi ake kira lambar atam.

Zainab: To Malam in lamba ce kawai me zai hana a jera su a dogon layi ɗaya a huta?

Malam Auwal: Yauwa! Saboda halinsu yana maimaita kansa. Ilektoron ɗin da ke kewaye da atam hawa-hawa suke zama, na farko biyu yake ɗauka, na biyu takwas. Ɗauki sodiyam, lamba 11, biyu, takwas, sai ɗaya ya rage a waje shi kaɗai, kuma wannan ɗayan so yake ya rabu da shi ko ta halin ƙaƙa. Fotashiyam ma lamba 19 ɗaya ne a wajensa, shi ya sa aka yanke layin aka ajiye shi daidai ƙarƙashin sodiyam, 'yan gida ɗaya ne.

Bashir: Sodiyam ɗin nan na gan shi da idona a lab, a cikin mai ake ajiye shi, malaminmu ya ciro ya yanka da wuƙa kamar sabulu, wajen yankan yana ƙyalli nan take ya dushe, da ya jefa ɗan guntu a ruwa sai ya hau zagaye yana cuuu har ya ɓace.

Malam Auwal: Fotashiyam ya fi shi zafin rai ma, shi wuta yake kamawa a kan ruwan. Sai ka tsallaka can rukuni na 17, kulorin yana da bakwai a waje, ɗaya yake nema ya cike. Mai son bayarwa ya haɗu da mai son karɓa, shi ne gishiri.

Zainab: Ikon Allah. Amma wanda ya fara jerawar ai bai san furoton ba ko?

Malam Auwal: Sam. Dmitri Mendeleev ɗan Rasha, a 1869, sinadarai 63 aka sani lokacin, da nauyinsu ya jera su. Ni abin da yake burge ni da mutumin nan shi ne inda ya ga jerin bai yi daidai ba bai cusa wani da ƙarfi ba, gurbi ya bari ya ce akwai mai wurin, ba a gano shi ba ne tukuna, har ya faɗi nauyinsa da halinsa. A 1875 wani Bafaranshe ya gano galiyam, ƙarfen nan da yake narkewa in ka riƙe shi a tafin hannu, ya auna nauyinsa idan aka kwatanta da ruwa mai girma ɗaya da shi ya samu ninki 4.7, Mendeleev da bai taɓa ganin abin ba ya ce a'a a sake aunawa, wajen 5.9 ya kamata ya zama. Aka tace aka sake, 5.9 ɗin ne.

Bashir: Kai! Bai ko taɓa shi ba fa.

Malam Auwal: Sai jamaniyam a 1886, shi ma ya faɗa gurbinsa cif. Amma akwai wurin da nauyi ya ba shi matsala, teluriyam ya fi aidin nauyi, a ƙa'idarsa aidin ne zai riga, amma halin aidin irin na kulorin ne, sai ya musanya su ya bi hali. Ba a gane dalili ba sai 1913 da Henry Moseley na Ingila ya auna hasken eksire da sinadarai ke fitarwa, ya nuna teluriyam 52 ne aidin 53, wato musanyar daidai take. Shekara biyu bayan nan aka kashe shi a yaƙin Gallipoli a Turkiyya, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara 27, abin yana taɓa ni duk sanda na tuna.

Zainab: Allah sarki. To yanzu Malam jadawalin ya cika kenan?

Malam Auwal: Layi na bakwai ya cika, na 118 oganeson a 2016 aka raɗa masa suna, kuma a lab ake ƙera irinsu, wasunsu ko daƙiƙa ɗaya ba sa kaiwa suke tarwatsewa. In aka samu na 119 sabon layi zai buɗe, a rukuni na ɗaya, can ƙasan su sodiyam.

Bashir: Wato tun bai zo ba an san gidansa.

Zainab: Mu tsaya nan, mako mai zuwa sai rukuni na 18, su hiliyam da agon da ba ruwansu da kowa. Sai an jima.