Amsoshin Tambayoyinku: Kamarar ƙofar gida da wayar lantarki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ne a Zariya. Ya sayi kamarar tsaro mai cin bolt 12, yana so ya kafa ta a ƙofar gida, ba soket a wurin, sai tsohuwar wayar kwan fitila. Ko zai iya jona ta a nan?

Malam, don Allah kada ka jona kai tsaye. Wutar da ke cikin wayar nan bolt 230 ce, nan take za ta ƙone kamarar, kuma tana iya halaka wanda ya taɓa. Mafi sauƙi, mai gyaran wuta ya sa maka soket a ƙofar, cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, ka jona adaftar kamarar.

In kuwa ka fi son adaftar ta zauna cikin gida, ana iya amfani da tsohuwar wayar, da sharaɗin a cire ta gaba ɗaya daga wutar gida, baki biyun, a naɗa mata tef, a rubuta cewa ta bolt 12 ce. Wannan rubutun ya fi damuna, domin gobe wani ma'aikacin zai zo, ya ga waya a sake, ya mayar da ita kan layif, wato wayar da ke kawo wutar gida. Sai kuma nisa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5, in ta yi mita 30 tana ɗauke da amfiya 1, kusan bolt 0.7 ke zubewa a hanya. Kamarar bolt 12 za ta jure. Mai bolt 5, irin ta cajar waya, sai ta riƙa mutuwa tana tashi, musamman da dare in fitilunta sun kunna. Ga wanda bai sayi kamara ba tukuna, ya nemi mai PoE: wayar intanet guda ce ke kai hoto da wuta, kimanin bolt 48, har mita 100.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce ta sa makunnin da ake sarrafawa da wayar hannu, amma ko motsi bai yi ba. Hajiya, galibin irinsa suna buƙatar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, alhali a gidaje da yawa layif kaɗai ake kaiwa akwatin makunni. A kira mai gyara, ya kashe wutar daga babban makunni ya duba. Ko ya jawo nutural, ko ki canza da wanda aka ƙera don aiki ba shi.