Janar Mamman Shuwa: Daga Enugu Zuwa Gwange

Jama'a, assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, ina gaishe ku. Na baya, kuna jina? To, madalla.

In aka yi zancen yaƙin basasar Nijeriya, sunayen da ke fara zuwa baki su ne Gowon, Ojukwu, Murtala, Obasanjo. Ni kuwa yau Muhammadu Shuwa na kawo muku, wanda aka fi sani da Mamman Shuwa. Ɗan Borno ne, an haife shi a 1939, ya yi kwalejin Barewa a Zariya tare da Murtala, ya shiga soja a 1958, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yulin 1967, shi aka damƙa wa Runduna ta Ɗaya, mai gangarowa daga arewa. Kafin watan ya ƙare sun kama Nsukka. Ranar 4 ga Oktoba suka shiga Enugu, hedikwatar Biyafara, da Danjuma a gaban dakarun.

Amma ku lura da salonsa, don shi ne ya tara mu. Shuwa ba ya gaggawa. In ya kama gari sai ya tsaya, ya tsare hanyar da ke bayansa, ya tabbatar harsashi da abinci da man mota sun iso, sannan ya ɗaga ƙafa. Masu zafin kai suka riƙa cewa ya cika nawa. To, ku dubi abokin karatunsa. Murtala, da Runduna ta Biyu, ya tsaya a Asaba yana hangen Onitsha, an karya gada, ya ce shi ta ruwa zai tsallaka Neja. Aka ba shi shawarar ya zagaya, ya ƙi. Sau uku ana gwadawa, ana asarar sojoji da kaya. A ƙarshe sai da aka zagaya ta Idah, aka bi ta yankin Shuwa, kafin Onitsha ta faɗi a Maris na 1968. Ba ina rage wa Murtala jarumta ba ne, Allah ya jiƙansa. Sai dai in ɗana ne kurtu, na san rundunar da zan so a tura shi.

A Afrilun 1969 dakarun Shuwa suka kama Umuahia, inda Ojukwu ya mayar da gwamnatinsa. Wata guda bayan nan Gowon ya sauya kwamandojin rundunoni ukun, Bisalla ya karɓi ta Shuwa, Obasanjo ya karɓi ta uku. Shi ya sa ranar miƙa wuya a Janairun 1970 hoton Obasanjo kuke gani.

Shuwa ya yi kwamishinan tarayya a mulkin Murtala da Obasanjo, ya yi ritaya a 1979 yana manjo janar. Daga nan ya koma Maiduguri, unguwar Gwange, cikin talakawa. Rikici ya zo ya mamaye garin, masu hali suka kwashe iyali zuwa Abuja da Kaduna, shi yana nan.

Ranar Juma'a, 2 ga Nuwamban 2012, yana zaune da baƙi a gidansa kafin a tafi masallaci, wasu 'yan bindiga suka zo kamar masu gaisuwa, suka harbe shi. Allah ya gafarta masa.

Na ga ana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.