Fita Dusar Ƙanƙara a Tsaunukan Alps Lokacin Korona: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A tsakiyar hunturu, farar dusar ƙanƙara na lulluɓe komai a tsaunukan Alps na Turai. A can, wasu kujeru da ke rataye a jikin waya ne ke ɗaukar masu wasan zamiya zuwa saman dutse. A hunturun 2020 zuwa 2021 Faransa ta tsayar da su kakar gaba ɗaya saboda korona, Italiya ma haka. Siwizalan ta bar nata suna aiki, amma da takunkumi, kuma ta rage yawan mutanen da ke shiga rufaffun akwatunan hawa.

Tsoron ya samo asali ne daga Ischgl, wani ƙaramin gari a yankin Tirol na Ostiriya. A watan Maris na 2020 cutar ta bazu a can, baƙi suka kwashe ta zuwa ƙasashensu, dubban mutane suka kamu. To amma a ina ta kama su? Akasari a mashaya da gidajen abinci, inda ake cunkusuwa da yamma, tagogi a rufe, ana waƙa ana ihu. A fili, inda iska ke kaɗawa, yaɗuwarta kaɗan ce ƙwarai.

Saboda haka a lokacin annoba irin wannan lissafin mai sauƙi ne: ku duba duk inda rufi da bango za su haɗa ku da mutanen da ba ku sani ba. Mota ce ta farko. In ba 'yan gida ɗaya ba ne, kowa ya sa takunkumi, a sassauta gilashi biyu ko da sanyi. Kayan haya a yi odarsu tun daga gida, mutum ɗaya ya shiga shago ya karɓo. Abinci a ci a waje, kowa da filas ɗinsa da kofinsa.

Takunkumi yana da matsala a sanyi. Numfashi na jiƙa shi cikin ɗan lokaci, sai ya daskare ya yi tauri, jiƙaƙƙen takunkumi kuwa ba ya tace iska yadda ya kamata. Ku riƙe uku ko huɗu a busasshiyar leda cikin aljihun ciki. Man wanke hannu mai sinadarin barasa shi ma a yi hattara da shi: ba ya daskarewa, yana kuma janye ɗumin fata yayin da yake bushewa. Ku ajiye shi kusa da jiki, ku shafa kaɗan, ku mayar da safar hannu nan take.

Yanzu ga inda babban haɗarin yake. Da aka tsayar da na'urorin hawa, jama'a ba su zauna a gida ba. Sun sayi faffaɗan takalman tafiya a kan dusar ƙanƙara, masu kama da faifai, suka bazama da ƙafa zuwa gangaren da babu mai gyara shi, babu mai gadinsa. A filin wasa na hukuma, ma'aikata kan fasa dusar da ta taru da nakiya tun da asuba kafin kowa ya iso. A wajen filin, babu mai yi muku wannan.

Zaftarewar dusar ƙanƙara tana da ƙa'ida. Galibi tana tashi ne a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45. Sabuwar dusa ta sauka, iska ta kwashe ta ta jibge a bayan tudu, ta dunƙule ta zama falle guda a kan wata tsohuwar shimfiɗa mai rauni kamar sukari. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya wannan shimfiɗar, sai fallen duka ya sulale da shi. In kun ji ƙasa ta yi "wum" a ƙarƙashin ƙafarku, ko kun ga tsaga ta ruga gaba daga inda kuka taka, ku juya.

Kowace yamma hukumar yanayi ta Faransa, Météo-France, tana fitar da rahoton haɗarin gobe, daga mataki na 1 zuwa na 5. Mutane da yawa suna ɗaukar mataki na 3 a matsayin tsaka-tsaki, alhali a nan aka fi mutuwa, don a 4 da 5 kowa na jin tsoro ya zauna. Sabon shiga ya tsaya a hanyar da aka kafa wa alamu, ko a gangaren da bai kai digiri 30 ba, kuma ya ɗaga kai ya duba abin da ke samansa.

Wanda zai wuce wannan iyakar, kaya uku wajibi ne, kowa da nasa: na'urar gano wanda ya binne, sandar bincike mai naɗewa mai tsawon santimita 240 ko fiye, da shebur na ƙarfe. Na'urar a rataye ta a jiki ƙarƙashin riga, a kunne, nesa da waya da aƙalla santimita 20, don waya na rikita siginarta. Dalilin duk wannan shi ne lokaci. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, yawanci yana rayuwa. Bayan rabin awa, yawanci ba ya rayuwa. Ku kira 112, lambar gaggawa ta Turai, amma kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso, abokan tafiya ne za su yi tonon, kuma dusar da ta zaftare tana da tauri kamar busasshen laka. Ku gwada aikin na'urar a fili kafin ranar fita. A hawa mai tsayi ku bar tazarar mita 10 tsakaninku, a sauka kuma ɗaya bayan ɗaya.

Tufafi hawa uku: na ciki ulu ko roba mai fitar da zufa, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga kada ta taɓa jiki, don tana shan zufa ta riƙe, da zarar an tsaya hutawa sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. Duk mita 1,000 da kuka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Garin Chamonix na Faransa yana a tsayin wajen mita 1,000. In can ana digiri 2 ƙasa da sifiri, a mita 2,500 ku sa ran wajen 11 ko 12 ƙasa da sifiri, tun kafin iska ta sa baki. Baƙin tabarau dole ne, farar dusa tana mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙona shi. Yatsa in ya yi fari ya mutu, kada a murza shi, a sa shi a hammata.

Sai lokaci. A watan Janairu rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5, kuma daga 16 ga Janairun 2021 dokar hana fita ta wancan lokaci a Faransa ta koma farawa ƙarfe 6 na yamma. Da faffaɗan takalmi, ku ƙiyasta hawan mita 300 a awa ɗaya. Ku yanke lokacin juyowa tun a mota, misali ƙarfe 1 na rana, ku faɗa wa wani a gida hanyar da za ku bi, ku sa tocilan ɗin goshi a jaka, wayar kuma a aljihun ƙirji don sanyi na shanye batir. Wanda ya tashi da tari ko zazzaɓi, ranar ba tasa ba ce, ya zauna a masauki.