Macher: Mai Faɗa A Ji A Harshen Yidish

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A birnin New York na Amurka, idan aka ce wane "macher" ne, to ana nufin mai faɗa a ji, wanda maganarsa ɗaya kan buɗe ƙofar da ta gagari kowa. Tsakiyar kalmar daga maƙogwaro ake furta ta, kamar harafin kha na Larabci.

Kalmar ta Yidish ce, harshen Yahudawan tsakiya da gabashin Turai, wanda mafi yawan kalmominsa suka samo asali daga Jamusanci, amma da haruffan Ibrananci ake rubuta shi. Tushenta "makhn", wato yi ko aikatawa. Ashe macher mai yi ne kawai. Babu sarauta a cikin sunan, babu gado, babu dukiya.

Me ya sa mai yi ya zama babban mutum? Daga 1791 zuwa 1917, daular Rasha ta killace Yahudawa a yankunanta na yamma, inda Yukiren da Lituweniya da Belarus suke a yau. A 1827 Sarki Nicholas na Ɗaya ya fara ɗibar 'ya'yansu aikin soja na shekara 25. Al'ummar da ba ta da wakili a fada, dole ta jingina da wanda ya san jami'in da za a gani da irin maganar da za a yi masa. A irin wannan ƙunci ne sanin hanya ya zama mulki.

Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa sama da miliyan 2 suka yi ƙaura zuwa Amurka, kalmar ta bi su. A unguwar Lower East Side ta birnin New York, macher ne ke samo wa baƙo ɗaki da aiki a masana'antar ɗinki, shi ne a gaba a majami'ar Yahudawa da ƙungiyar 'yan gari ɗaya.

Sai dai jama'a ba su ba shi yabo zalla ba. In suka ce "gantser macher", wato cikakken macher, sau da yawa habaici ne ga mai cika baki da son a gan shi. A ganina sun yi adalci, domin wanda ya samo maka takarda yau, gobe yana iya neman ladarsa fiye da kima, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara.

A yau jaridun Amurka na kiran manyan masu zuba kuɗi a siyasa da dillalan harkar fim da wannan suna, har da waɗanda ba Yahudawa ba.